Ƙwan da Ya Tona Asirin Kazar Maigida

Akwai wani manomi mai kaza ɗaya wake-wake, wadda ba ta fashin ƙwai. Mutumin nan akwai zargi, ko akuya ce ta kalle shi sau biyu sai ya ce aiko ta aka yi.

Wata safiya matarsa ta fasa masa ƙwai, sai ga gwaiduwar ta yi ja kamar manja. Ya ɗanɗana, ya ji ƙamshin albasa. Ya ture kwanon, ya dubi dangar da ta raba su da wata gwauruwa, Inna Damaris.

"Tsohuwar nan ta musanya mini ƙwai."

Matar ta ce, "Haba, Baban Istifanus! Kajinta farin ƙwai suke yi. Dubi ɓawon, ruwan ƙasa ne, na kazarka."

"To, magani ta ba kazar don a gama da ni. Ran Lahadi sai dattawan ikilisiya sun ji."

Inna Damaris kuwa ba ta da gona, ba ta da ɗa. Sunanta mai kyau kaɗai ya rage mata a garin.

Washegari ya laɓe bayan rumbu don ya kama ta da hannu dumu-dumu. Cinnaka ya cije shi, bai motsa ba. Can sai ga kazarsa ta duba hagu, ta duba dama, ta kutsa wata ɓula a gindin danga. Ya leƙa ta sama. Ga shanyar tattasai da lawashin albasa a kan tabarma, ga kazarsa a tsakiya tana ci kamar gadonta ne.

Tsohuwar ta ɗaga kai ta gan shi. "Maƙwabci, ina kwana? Baƙuwata ka biyo? Mako uku ke nan tana zuwa."

"Inna, ba ki kore ta ba?"

"Na ji jikokinka ne ke cin ƙwan. Sai na ƙara mata shanya."

Mutumin nan ya janye daga danga, ya rasa inda zai sa idonsa.

Ma'anar wannan misali ita ce: launin ɓawo daga irin kazar yake, yadda Allah ya halicce ta. Amma gwaiduwa da ɗanɗano, abin da take tsattsaga ne ke fitowa. Haka zuciyarka take. In kullum gulma da zato kake haɗiya, su za a tarar ranar da aka fasa ka. Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka kai sunan wani gaban dattawa, bi sawun kazarka tukuna. Wataƙila wadda kake shirin kai ƙararta ita ce take ciyar da gidanka.