Riga Mai Lamba Tara

Ku gyara zama, yau labarin gardama na kawo muku. Ku bi ni a hankali har ƙarshe, domin idan na yi shiru ku ne za ku yi shari'a.

A garin Baure akwai kulob ɗin ƙwallon ƙafa da ake kira Zakarun Baure, suna buga gasar rukuni na biyu. A shekarar da nake ba ku labari sun yi tashe ƙwarai, saura wasa biyu su haye babbar gasa. Kowa a garin ya san ƙafar da ta kai su nan, ƙafar Mudassir ce, ɗan wasan gabansu mai lamba tara. Shekararsa ashirin da biyar, mai sanyin hali, ko an yi masa ƙeta a fili sai ya tashi ya kakkaɓe wandonsa ya ci gaba da wasa.

A bakin tashar garin, ƙarƙashin wata dalbejiya, akwai majalisar masu son ƙwallo. Benci uku ne da rediyo ɗaya da mai shayi, amma bakunan da ke wurin sun fi ashirin. Kullum bayan la'asar a nan ake korar koci a naɗa wani, a sayar da 'yan wasan Turai a sayo wasu, ba tare da kowa ya ɗaga daga kan benci ba.

Ranar wata Lahadi Zakaru suka buga wasansu na kusa da ƙarshe a gida. Ana cikin zagaye na biyu Mudassir ya gurɗe a idon sawu, aka canja shi. Yana ɗingishi zai shiga ɗakin 'yan wasa sai ya ji an kira sunansa daga bayan wayar da ta raba fili da 'yan kallo. Barau ne, yayan matarsa Rumasa'u. Tun da mahaifinsu ya rasu Barau ne uba a gidan, kuma shi ya ba Mudassir aurenta.

"Mudassir, miƙo rigar nan in ɗana, yau ni ma in zama ɗan wasa."

Dokar kulob ta hana ba da riga. Amma Mudassir bai taɓa ce wa Barau a'a ba, ko haɗa ido ba ya yi da shi. Ya ce, "To, Yaya," ya cire ya miƙa, ya shige ɗaki da singileti.

A mintin ƙarshe Zakaru suka zura ƙwallo, alƙalin wasa ya soke ta, ya ce satar gida ce. Aka tashi canjaras. 'Yan kallo suka karya waya suka cika fili, kuma a cikin turmutsutsun wani ya zabga wa alƙali mari ta baya. Da ya waiwaya, abin da ya iya gani shi ne bayan mutum yana kutsawa cikin taro da lamba tara a jikinsa. Haka ya rubuta a rahotonsa. Ranar Litinin da rana rediyo ya sanar cewa kwamitin ladabtarwa ya dakatar da Mudassir shekara biyu.

Shugabannin kulob suka kira shi. Ya ce ba shi ba ne. Suka ce to wane ne, ya yi shiru. Suka ce ina rigar, ya sunkuyar da kai. Bakinsa ba zai iya kiran sunan surukinsa a gaban mutane da laifi irin wannan ba. Su kuma suka ɗauki shirun a matsayin amsa laifi, suka janye jiki. Ga ɗan ƙwallo a irin shekarunsa, zaman shekara biyu ƙarshen sana'a ne, kuma a lokacin Rumasa'u tana da ciki wata bakwai.

Da yammacin ranar majalisa ta kaure. Wani mai suna Ɗan'azumi, mai sayar da kayan babur, ya fi kowa ɗaga murya.

"Wallahi shi ne! Da idona na gani!"

"Kai da ke shagonka ranar?" in ji mai shayi.

"To ai ƙanena ya je, kuma uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya."

Aka yi dariya, aka ci gaba da yanke wa Mudassir hukunci. A cikin waɗanda ke zaune a wurin, mutum uku ne ba su yi dariyar ba.

Na farko shi ne Malam Lawwali, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya. Shekara goma sha ɗaya yana zuwa kallon Zakaru da littafi da biro, yana rubuta abin da ya faru minti bayan minti, har 'yan majalisa suka laƙaba masa Magatakarda. Ya buɗe littafinsa ya karanta musu: "Minti saba'in da takwas, an fitar da lamba tara, yana ɗingishi da ƙafar dama, ya shiga ɗaki da farar singileti." Ya tambaye su yadda mutumin da ba ya iya taka ƙasa zai dawo bayan minti goma sha biyar ya mari alƙali ya ruga da gudu. Ɗan'azumi ya ce, "Malam, yanzu littafinka ya fi rediyo ne?" Malam ya rufe littafinsa. Washegari da sassafe ya tafi ofishin kulob ya roƙi kundin dokokin gasar, wanda aka ciro masa daga ƙasan durowa da ƙura a jikinsa. Ya zauna a kan bencin ƙofa yana bin sa shafi bayan shafi har azahar, ya gano sashen da ko sakataren kulob bai san da shi ba: ana iya ɗaukaka ƙara cikin kwana uku, in dai ɗan wasan ya sa hannu kuma akwai shaida. Wa'adin zai cika ranar Alhamis da ƙarfe goma sha biyu. Ya rubuta takardar sau uku da hannunsa kafin ta yi masa, ya kai aka buga, ya ɗauka ya je gidan Mudassir. Mudassir ya karanta, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Malam, Allah ya saka da alheri, amma a bar maganar." Malam Lawwali ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce zai riƙa yawo da ita har Alhamis.

Ta biyu ita ce Hajiya Tabawa, mai sayar da zoɓo da kunun aya. Ranar wasa tana ƙofar fili, sauran ranaku tana gefen majalisa, kuma duk 'yan wasan Zakaru 'ya'yana take ce musu. Da ta ji Malam ya ambaci singileti sai ta tuna cewa kafin a tashi wasa Barau ya zo ya sha zoɓo a wurinta, da rigar ƙwallo a kan kaftaninsa yana ta taƙama. Nan take ta gane dalilin shirun Mudassir. Ba ta faɗa wa kowa ba, domin ta san in maganar ta fita a majalisa, kafin magariba an yi wa gidan su Barau rotse, auren ma ya shiga haɗari. Ranar Talata ta yafa mayafi ta je gidan, ta gaisa da mahaifiyarsu doguwar gaisuwa, sannan ta ce a kira mata Barau, wanda tun Lahadi bai leƙa waje ba. Ya musa, ya tashi ya bar mata ɗakin. Ranar Laraba ta rufe sana'arta ta koma, ta zauna a tsakar gida ta ce ba za ta tashi ba sai ya fito. Da ya fito, ta dube shi ta ce:

"Barau, kai ka ba yaron nan mata, kuma kai za ka raba shi da abincinsa? Ya kulle bakinsa don kunyarka. Kai wace kunyar ka ji tasa? Ƙanwarka in ta haihu, me za ka ce wa jaririn?"

Barau ya juya. Daga nan ya shiga ɗaki ya ɗaga katifa ya ciro rigar. Shi da kansa ya taka zuwa gidan Mudassir, babba ya je wurin ƙarami, Hajiya tana gaba, Malam Lawwali yana biye da takarda. Barau ya ce wa Mudassir, "Sa hannu. Ni na ce ka sa." Sai a lokacin Mudassir ya karɓi biro.

Na uku shi ne Nafi'u, direban motar haya. Mutumin garin Tsamiya ne da ke zaune a Baure, kuma shi kaɗai ne a majalisar yake goyon bayan Giwayen Tsamiya, abokan hamayyar Zakaru tun fil azal. Kullum yana zuwa da koriyar hular kulob ɗinsa, ya sha tsiya ya rama. Wasan ƙarshe kuwa tsakanin Zakaru da Giwaye za a yi shi, wanda ya ci shi zai haye, kuma Giwaye shekara goma sha huɗu suna jiran wannan rana. Da sakataren kulob ya ga takardar da Barau, sai ya girgiza kai ya ce kwamiti zai ce haɗin baki ne na 'yan gida, suruki ya ɗauki laifi don shi ba abin da zai rasa. Sai an sami shaida daga wanda ba shi da alaƙa da su. Shaidar nan tana cikin wayar Nafi'u. Ranar Lahadi ya je kallo ne don ya ga faɗuwar Zakaru, da rikici ya ɓarke ya ɗauki bidiyo yana dariya don ya sami abin tsokana. Sai ranar Laraba ya kalla da kyau, ya ga fuskar Barau ƙarara, da hula da dogon wando, hannunsa a sama. Ya nuna wa yayansa a Tsamiya, yayan ya ce, "Goge shi yanzun nan. In yaron nan ya buga, mun shiga uku." Abokansa suka yi ta kiransa suna faɗin haka. Ranar Alhamis bayan sallar asuba ya buga ƙofar Malam Lawwali.

"Malam, ga wannan. Kada ka gode mini, don wallahi zuciyata ba so take ba."

Da aka ce dole mai wayar ya bayyana da kansa, sai Nafi'u ya kwashi su Malam Lawwali da Barau a motarsa, tafiyar awa uku zuwa babban birnin jiha, suka isa saura minti arba'in wa'adi ya cika. Ya tsaya a gaban kwamiti da koriyar hularsa a kansa ya ba da shaida.

Kwamiti ya duba takardar, ya saurari Barau, ya kalli bidiyon, ya janye dakatarwar. Aka hana Barau shiga filin wasa shekara uku, shi kuma ya je ya nemi gafarar alƙalin, aka yafe masa. Bayan kwana goma, ƙafar Mudassir ta warke, aka buga wasan ƙarshe. Minti tamanin da ɗaya ya karɓi ƙwallo a ƙirji ya juya ya narka ta a raga. Ita kaɗai aka ci a wasan. Garin Baure ya ɗauki sowa, Nafi'u kuwa ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. An yi wata biyu mutanen Tsamiya ba sa shiga motarsa.

Bayan sunan jaririyar da Rumasa'u ta haifa, Mudassir ya zo majalisa da la'asar, riƙe da rigar nan an wanke ta an goge, kulob ya bar masa ita. Ya durƙusa ya gaida kowa, har da Ɗan'azumi, wanda ya ce shi dama tun farko jikinsa ya ba shi ba yaron ba ne.

Mudassir ya ce, "Iyayena, ba ni da abin da zan saka muku da shi. Duk ƙwallon da zan buga nan gaba, ku kuka ba ni ita. Wannan rigar ita ta kusa kashe ni, ina so ta zauna a hannun wanda ya cece ni. Sai dai ita ɗaya ce, ku kuma ku uku ne."

Malam Lawwali ya ce shi takarda kawai ya rubuta. Hajiya Tabawa ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Ni me zan yi da ita, ɗana, in ɗora a kan zani?" Nafi'u ya ce, "Ni in sa rigar Zakaru? Allah ya sawwaƙe!" Sai kuma ya ƙara da cewa, "Amma in an yanke tawa ce, a kawo, zan san inda zan ajiye."

Nan majalisa ta rabu uku. Wasu suka ce ta Malam ce, domin ranar da gari duka ya yarda da rediyo shi kaɗai ya tsaya, kuma ba don shi ba da wa'adi ya wuce ba wanda ya san akwai shi. Wasu suka ce ta Hajiya ce, domin takarda ba sa hannu banza ce, ita ta buɗe bakin da kunya ta rufe, ta kuma yi shi ba tare da gida biyu sun ɓaci ba. Sauran suka ce ta Nafi'u ce, domin su biyun ɗansu suka ceta da kulob ɗinsu, shi kuwa ya san abin da zai rasa, ya kuma rasa shi. Ɗan'azumi ya kawo shawarar a sa almakashi a raba ta uku, aka yi masa ca har ya nemi afuwa.

Har yanzu rigar tana cikin leda, rataye a ƙusa a rumfar mai shayi, an rasa wanda za a miƙa wa.

To jama'a, ga ta nan na ajiye a gabanku. Tsakanin Malam Lawwali, da Hajiya Tabawa, da Nafi'u direba, wa za ku cire wa rigar nan daga ƙusa ku ba shi?