Kwalayen Malam Ɗantsoho

Akwai wani ɗalibi mai suna Sada da ya je karatu Alƙahira a shekarar 1979. Yana zaune a unguwar Darrasa, ɗakinsa na kallon na wani dattijon ɗalibi, Malam Ɗantsoho.

Shekara goma sha ɗaya Malam Ɗantsoho yana cin wake da burodi don ya tara littattafai. Burinsa ya koma Gusau ya buɗe makaranta. Ya cika kwali tara, ya ɗaure kowanne da igiya.

Wata ranar Alhamis wani abokin Sada ya ja shi wani otal a Wustul Balad, wato tsakiyar birnin. A can akwai ɗakin caca da ba a barin ɗan ƙasa ya shiga, sai baƙo mai fasfo. Sada ya nuna nasa, mai gadi har da rusuna masa. Nan kansa ya fara kumbura.

Ya jefa kwabo ɗaya a wani inji, ya ja hannun injin. Hoton lemo uku suka jeru, kuɗi suka yi ta zubowa har ƙasa. Ranar duk ɗaliban gidansu sun ci nama.

Mako na biyu ma ya ci, ya sayi agogo da rediyo. Jama'a, wannan cin shi ne bala'in. Da ya faɗi a ranar farko, da ya tsira.

Daga nan injin ya juya masa baya. Agogo ya tafi, rediyo ya bi shi, kuɗin tallafin karatu ba ya kwana uku a aljihunsa. Kullum maganarsa ɗaya: "Saura ƙiris lemon ya jeru."

Da lokacin Hajji ya zo, Malam Ɗantsoho zai tafi Makka yin aikin da zai biya kuɗin dakon littattafansa. Ya miƙa wa Sada mabuɗi.

"Ɗana, ka riƙa buɗe taga saboda danshi. Duk abin da na mallaka yana cikin kwalayen nan."

"Khalas, shi ke nan Malam, kada ka damu."

An ba kura ajiyar nama. Sada ya kwance kwali ɗaya, ya kai littattafai huɗu wurin masu sayen tsofaffi, da niyyar fanso su idan ya ci. Ya cike gurbin da tsofaffin jaridu da bulo, ya jera littattafai a sama, ya mayar da igiya. Kafin alhazai su dawo ya yi wa kwali bakwai haka.

Malam ya dawo, ya ga igiya yadda ya bar ta, bai buɗe ba. Ranar tafiyarsa Gusau, Sada ne ya taya shi loda kayan a mota. Ya yi niyyar faɗa masa gaskiya.

"Malam..."

"Na'am, ɗana?"

"Allah ya kiyaye hanya."

Bayan wata huɗu wasiƙa ta iso daga Gusau. Sada ya buɗe ya karanta:

"Sada, kaya sun iso. Mutanen unguwa sun taru, da liman, da yara arba'in da aka rubuta min a matsayin ɗalibai. A gabansu na yanke igiya. Ka san abin da muka gani.

Liman ya tambaye ni wa na bar wa mabuɗi. Na san mahaifinka yana da rai, kuma labari ba ya kwana. Na ce na manta.

Shekarata hamsin da shida, ban san na taɓa yi wa liman ƙarya ba sai ranar nan. Littattafan na yafe maka. Wannan ƙaryar ce har yau na kasa yafe wa kaina."

Sada ya zauna a matakalar bene yana kuka kamar yaro. Bai sake taka otal ɗin ba, amma bai taɓa samun ƙarfin halin ba da amsar wasiƙar ba.

Darasi: Caca tana fara ba ka ne don ta san hanyar aljihunka, kuma idan naka ya ƙare, amanar mutanen da suka yarda da kai za ta ci. Ku tura wa duk wanda kuka ji yana cewa "sau ɗaya kawai zan gwada."