Irin Bayolet Ɗin Marigayi Merle

Jama'a, akwai wata tsohuwa a nan ƙauyenmu cikin duwatsun Idaho, sunanta Lorna. Shekarar da mijinta Merle ya rasu, gobarar daji ta cinye gangaren bayan gidansu ƙurmus, har da ɗan furen nan rawaya, bayolet, wanda yake tsinko mata duk bazara.

Abin da ya rage kawai irin da Merle ya tara a ambulan. Kun san wahalarsa: kwanson fashewa yake yi ya watsar da 'ya'yan, shi ya sa Merle ke yanka tsohuwar safa yana ɗaure kowane kwanso. Idan wannan ambulan ta salwanta, shi ke nan.

Sai ga surukinta Curtis, mai ɗakin gilashi na renon shuka, mutumin kirki amma akwai ji da kai. Lorna ta ce masa irin nan sai ya kwana ƙarƙashin dusar ƙanƙara har sanyi ya wuce kafin ya tsiro. Ya kwashe da dariya.

"Haba Mama, gadon Baba guda za ki zubar a ƙanƙara? Kawo, ai sana'ata ce."

Ta ba shi, amma ta ɓoye 'yan ƙwayoyi kaɗan ta shuka a gangaren.

Curtis ya shuka irin a tukwane, ya kunna na'urar ɗumi, ya yi ta ban ruwa. Wata shida, ko tsiro ɗaya babu. Ita kuwa da ƙanƙara ta narke, uku suka fito mata. Uku kacal! Ta yi kuka, amma ba ta taɓa goranta masa ba. Kunya ta hana shi zuwa cin abincin Lahadi, ita kuma kullum sai ta aika masa da rabonsa.

Da kaka ta zo, ya kwashe ƙasar tukwanen da haushi ya watsar a bayan rumfa. Ƙanƙara ta rufe ta wata biyar.

Bazara na shigowa ya kira ta a waya. Ta zo ta tarar da jujin bayan rumfa ya cika da ƙananan ganye, Curtis na durƙushe a gabansu.

"Mama, ashe ba su mutu ba."

"Sanyi suke jira, ɗana," in ji ta. Ta zaro tsohuwar safar Merle daga aljihu ta miƙa masa. "Ajiye wannan, kai za ka riƙa ɗaure kwanson yanzu. Ni gwiwata ta daina durƙuso."

Darasi: Iliminka kada ya hana ka sauraron wanda ya daɗe da abu, kuma wanda ya yi maka kuskure kada ka rufe masa ƙofa. Ku tura wa wani, wataƙila yau yake bukatar jin wannan.