Hoton Nantene Cikin Takaba

Yau kwana tara ke nan abinci ba ya shiga mini, kuma ɗana Zumana ne sila. Mai ɗaukar hoto ne a nan Bamako, ba irin na biki ba, irin wanda ake ratayawa a bangon babban zaure mutane su tsaya suna gyaɗa kai. Ya iya, wannan ba na musu. Yakan yi awa biyu yana jiran hasken safe ya sauka a gefen fuskar mutum, kuma baƙi da fari kawai yake wankewa. Aibinsa shi ne ba ya neman izini.

"Inna, da zarar mutum ya san ana ɗaukarsa, fuskar aro yake sawa," in ji shi.

Na ce ko ta aron ce ai tasa ce. Ya yi dariya, wai ban yi boko ba.

Nantene maƙwabciyata ce, shekara ashirin da shida muna rinin shadda tare. Ni 'yar dangin Tarawele ce, ita 'yar dangin Jara, wasa ne tsakaninmu tun kaka da kakanni. Kullum gaisuwarta ɗaya: "Maciyar wake, kin tashi? Tun daga ɗakina nake jin cikinki." Ni kuma in ce, "Baiwata, bar surutu ki ɗauko bokiti."

Da mijinta ya rasu ta shiga takaba, ni nake kai mata abinci. Wata safiya ƙafata ta matsa mini, na ba Zumana kwanon. Ya hango ta a tsakar gida, ba ɗankwali, furfura a waje, ta rungume takalmin marigayin tana kuka. Sai da ya ɗauke ta hoto ta tsagin ƙofa, sannan ya yi sallama.

Bayan wata biyar aka buɗe baje kolin hotuna, na ci ado na je. Ina shiga na gan ta a bango, girman ƙofar ɗaki. Na juya wurin ɗana.

"Zumana, ta sani?"

"Inna, dubi yadda haske ya kwanta a hannunta. Wa zai gane ta a nan? Duk baƙi ne."

Ashe har ya sa wa masu shirya taron hannu a takarda cewa ta yarda. Wani ya ɗauki hoton da waya, kafin la'asar ya zagaye unguwa. Babban ɗan Nantene ya je wurin masu shirya taron. Suka sauke hoton, suka goge sunan Zumana, suka soke tafiyar da za su kai shi ƙasar waje. Yanzu ko mai sayar da lemo juya baya take idan ta gan shi da kyamara.

Washegarin bazuwar hoton na shiga gidanta, ina roƙon Allah ta ce mini maciyar wake. Sai ta miƙe, ta kawo mini kujera da ruwa kamar baƙuwa.

"Ina kwana, Hajiya Sitan. An tashi lafiya?"

Na ce, "Nantene, zage ni mana."

"A kan me? Ai abinci kika aiko mini."

A ranar ta sa aka kwashe bahunan rininta daga wurinmu. Shi kuwa har yau cewa yake bai taɓa ɗaukar hoton da ya kai wannan ba. Ya ƙi gogewa, ya ƙi zuwa ya durƙusa.

Darasin da na gani shi ne, gwaninta ba ta halatta maka abin da ba a ba ka ba. Hawayen mutum nasa ne, wanda ya sace su ɓarawo ne ko da an tafa masa, kuma abin da ɗa ya ɓata uwa ake dubawa. To ku da kuka fi ni sani, in je in durƙusa a madadinsa, ko in rufe masa ƙofata har sai ya je da ƙafarsa? Me zan yi?