Manaja da Irin Gero

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta, ku kuma gyara zama, don wannan ba ta dariya ba ce, ko da yake wanda ke cikinta abin dariya ne.

An yi wani mutum a wani ƙauye tsakanin Roni da Gwiwa. Ba zan faɗi sunansa ba, dangi suna nan da rai. Manaja dai ake ce masa, shi ya zaɓa wa kansa sunan. Maraya ne tun yana goye, ƙanwar ubansa Dela ita ta raine shi da kunu da surfe. Allah ya ba shi kai. Ya yi boko har jami'a a Zariya, bai tsaya nan ba, aka kai shi Ingila ya ƙaro digiri na biyu a kan yadda ake tafiyar da kasuwancin abinci da amfanin gona tsakanin ƙasashe. Wato yadda za a tattara hatsi, a auna, a ɗura a buhu iri ɗaya, a kai shi inda ba a taɓa ganin gonar ba. Ilimi ne mai kyau, ni ban raina shi ba. Mai ɗauke da shi na raina.

Ya dawo dab da a canza kuɗi daga fam zuwa naira. Ya zo da kwat, da jakar hannu, da hanci a sama. In ya zo gaida Gwaggo Dela sai ya tsaya a tsaye, wai wandon ba ya durƙusuwa. Ita kuwa baiwar Allah dariya take yi, tana cewa ai ɗanta ya zama Bature.

To, ku 'yan yanzu ba ku san yadda ake ajiye iri ba. Da kaka, kafin a ɗaure dami, mai gida ko tsohuwar gida za ta bi gona tana zaɓen zangarniya, wadda ta cika ta yi nauyi. A ɗaure ta daban, a ajiye can ƙuryar rumbu, ko yunwa ta kai ina ba a taɓa ta. Kuma gero daban, maiwa daban. Gero ɗan sauri ne, wata uku ya isa, shi ake kai wa jigawa mai rairayi. Maiwa kuwa mai nawa ce, sai ƙasa mai riƙe danshi, sai damina ta ja baya take nuna. A zangarniya kowa ya san su. In an sussuke, sai mai ido.

Manaja ya dubi wannan ya ce ƙauyanci ne. Ya sa aka gina sito na kwano a bakin hanyar Kazaure, ya kawo injin sussuka, ya yi shela cewa kowa ya kawo damin irinsa. Za a sussuke, a zuba masa jar hodar magani don ƙwari, a ɗura a buhu mai hatimi, da bazara kowa ya zo ya karɓa. Abin da ya yi saura a kai Babura da tsallaken iyaka. Wani kamfanin Turawa ma ya yi alkawarin zuwa ya gani, in abin ya yi kyau a yi haka a ƙasar Kano duka.

Mutane suka yi ta jan ƙafa. Wa ya fara kai nasa? Dela. Ta ɗauko irin da ta gada tun daga uwarta, ta aza a ka, ta taka har sito, don kada a ce ɗanta ya yi kira ba a amsa ba. Da aka ga Dela mai zaɓen iri ta kai, sai ƙauye bakwai suka biyo baya.

Manaja ya ɗauki wani dattijo, Daudu, ya riƙe masa sito. Ranar farko Daudu ya tambaya ina za a zuba gero, ina za a zuba maiwa. Manaja ya ce a takardarsa gero da maiwa layi ɗaya ne, kuma a kasuwar duniya babu mai tambayar wannan. A zuba kawai. Inji ya yi ta ci kwana goma, tsaba ta taru tuli guda.

Ana saura kwana biyu a zuba magani, Dela ta kawo masa fura. Ta ga tulin, ta sa hannu ta ɗebo, ta baza a tafi, ta jefa ƙwaya biyu a baki. Sai ta ja shi bayan sito inda babu kowa, don kada ta kunyata shi.

Ta ce, "Ɗan nan, ka haɗa gero da maiwa. Wannan ya tashi daga iri, ya zama na tuwo. Ka kira mutane ka faɗa musu tun ruwa bai sauka ba. Akwai iri a kasuwar Babura."

Ya ce, "Gwaggo, ki bar wannan, ba fanninki ba ne."

Amma da ta tafi, sai ya koma ya ɗebi tsabar ya duba da kansa. Ai a gona ya tashi, 'yan uwa. Idon da aka wanke da ruwan Ingila bai makance ba. Ya gani sarai. Ya tsaya yana juya ƙwayoyin a hannu, yana lissafin abin da zai biyo baya. Saura wata biyu shuka, lokaci yana nan. Hatsin bai lalace ba, ana iya raba shi a ci. Abin da zai rasa ɗaya ne tak: zai tsaya gaban manoma ya ce tsohuwar da ba ta san bihim ba ta gyara masa aiki, Turawa kuma su ji.

Ya kira Daudu ya ce a zuba magani yau, ba sai jibi ba. Daudu ya ce, ranka ya daɗe, in aka zuba hodar nan ba mai iya bambance su, kuma ba mai iya ci, guba ce. Manaja ya ce ai ya sani.

Kun ji? Ya ce ya sani. Daga nan kuskure ya ƙare, zunubi ya fara.

Ranar rabon buhuna aka kafa rumfa, manya suka zo daga Kano, da Turawa biyu fuska ja wur. Dela ta ga shirunta zai kashe mutane. Ta kutsa har gaban rumfa ta ce jama'a kada su shuka abin nan, a gauraye yake. Wani Bature ya tambayi me tsohuwar ke cewa. Manaja ya yi murmushi, ya amsa masa da Turanci, sannan ya juyo ya maimaita da Hausa don kowa ya ji:

"Ku yi mata uzuri. Gwaggona ce, tsufa ya fara taɓa mata kai."

Aka yi dariya. Matar da ta tauna abinci ta sa masa a baki. Ta tsaya ta dube shi, ta gyara mayafinta, ta juya. Gida biyar kacal suka gaskata ta, cikinsu har da Daudu, suka sayar da awaki suka sayo iri a Babura. Sauran suka ce buhu mai hatimi ba ya ƙarya.

Shekarar nan ruwa ya makara, ya kuma ɗauke da wuri. Da shuka ta fito, Manaja ya riƙa yawo a mota yana nuna kore shar, don suna ƙanana gero da maiwa kamarsu ɗaya. Ya fara gaya wa kansa wataƙila ma ya tsira. Aka yi noman farko, aka yi maimai. Sai lokacin fitar da kai ya zo, gona ta fara ba da shaida. Nan kara ɗaya da zangarniya, kusa da shi uku ganye zalla. A jigawa maiwa ta bushe a tsaye ba ta ko yi ciki ba. A ƙasa mai danshi ɗan geron da ya faɗa ciki ya nuna shi kaɗai, tsuntsaye suka taru a kansa suka cinye. Fari ya taɓa kowa a shekarar, gaskiya ne. Amma gonakin gida biyar ɗin nan suna nan gefe da gefe da na sauran, sun ɗaure rabin abin da suka saba. Masu buhu ko kashi ɗaya cikin biyar ba su samu ba. Makaho ma ya shafa ya ji bambanci.

Me kuke tsammani ya yi? Ya durƙusa ya nemi gafara? Ina! Ya zauna ya buga rahoto da keken rubutu, shafi arba'in, da Turanci, yana bayanin ƙarancin ruwan sama. Ya aika wa mutanen da ke cin tafasa da dusa.

Kamfanin ya aiko wani ya zaga gonaki, ya yi hira da Daudu, ba su sake waiwayar Manaja ba. Labari ya riga shi isa kowane ofis a Kano. Ƙauyukan suka watse, wasu Kano, wasu Legas, wasu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Dela ta koma wurin 'yar ɗakinsu a Babura, can ciwo ya kwantar da ita. Sai da aka aika wa Manaja sau uku sannan ya je. Ya tsaya a bakin ƙofa.

Ta ce, "Na yafe maka nawa, ɗan nan, tun ranar. Na mutanen nan kuwa ba nawa ba ne da zan yafe. Ka bi su."

Ya 'yan uwa, ina zai bi su? Da ya faɗi gaskiya a bayan sito, kunyar yini ɗaya ce. Yanzu haƙƙin ƙauye bakwai ne a wuyansa, masu shi sun bazu a duniya, wasu suna ƙarƙashin ƙasa. Malamai sun gaya mana girman kai ba kwat ba ne, ba mota ba ce. Shi ne ka ga gaskiya ka ture ta saboda bakin da ta fito. Ku sa 'ya'yanku karatu, su je har bangon duniya. Amma ku koya musu cewa "na yi kuskure" tun bakinsu bai yi tauri ba.

Dela ta rasu kafin damina ta zagayo. Daudu ya raba irinsa tiya-tiya ga waɗanda suka rage, ya rayu har ya ga jikokinsa. Sito ya zama makwancin jemagu. Shi kuwa Manaja bai bi kowa ba. Ya ƙare a tashar motar Kazaure da ke Kano, kwat ta koɗe, yana tare matafiya yana karanta musu rahotonsa, har ya mutu bai taɓa cewa shi ne da laifi ba.

Allah ya kiyaye mu da ilimin da ke kumbura mai shi. Allah ya kiyaye mu da haƙƙin mutane. Amin.