Ribar Gizo ta Dami Tara

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa kada ta wuce ku," in ji Iya Tabawa, tana gyara zama a kan tabarma.

"Ta zo mu ji ta, Iya, kunnuwanmu a buɗe suke," jikokinta suka amsa.

To, Gizo ne dai da matarsa Ƙoƙi, a wani garin dabbobi da ake kira Rafin Kanya. Garin nan an kafa masa turakun lantarki tun da daɗewa, amma waya ba ta taɓa zuwa ba. Turaku suna nan a tsaye, balbelu na hutawa a kansu, awaki na sosa baya da gindinsu.

Ran wata Alhamis Ƙoƙi ta haihu, ta sami 'ya mace. Suna sai Alhamis mai zuwa. A rumbun Gizo akwai gero dami tara da aka keɓe don wannan rana. A tsakar gida kuma akwai kaya uku da Ƙoƙi ta zo da su daga gidansu: randa, da babbar tukunyar tuwo, da turmin ƙirya. Turmin nan na kakarta ne, ya zo hannun uwarta, ya zo nata.

Ku sani, a garin nan ba a aika wa mata gayyatar suna. Ran jajibiri sai a zuba gero a turmin mai jego a fara lugude. Matan unguwa na jin ƙara, kowace ta ɗauko taɓaryarta ta taho. Kowane turmi da muryarsa, na Ƙoƙi kuwa har bakin rafi ana gane shi.

Ran Asabar sai ga Hankaka ɗan kasuwa ya shigo gari da babbar mota da lasifika, farin ƙirjin nan nasa fes kamar an goge. Yana ta shela: "Garaɓasa! Garaɓasa! Kawo tsohon kayan gidanka ka karɓi jan kati! Mai jan kati rabin kuɗi zai biya! Wanda ba shi da kuɗi ya kawo hatsi! Kwana biyar kawai!"

Gizo ya je kallo. Ya ga firiji fari ƙal, ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa.

Hankaka ya ce, "Ranka ya daɗe, daga tsayuwarka na san babban mutum ne. Dami shida yake. Amma in ka kawo tsohuwar randa, uku kawai za ka ba ni."

Gizo ya yi dariya a ciki, ya ce, "Wannan tsuntsu bai san ciniki ba. Tsohuwar randa a bakin dami uku?"

Ya koma gida ya laɓe. Ƙoƙi na shiga wankan jego, tururi ya rufe bayan ɗaki, ya tuntsurar da ruwan randa, ya mirgina ta waje, ya zaro dami uku. Ya karɓi jan kati, ya miƙa jan kati, ya turo firiji a baro, ya ɓoye a zaure ya rufe da zana. Ya san mai jego ba ta fitowa zaure.

Tsoho Kunkuru maƙwabcinsa yana zaune a dakali yana kallo. Ya ce, "Gizo, me ka samo haka kake haki?"

Gizo ya ce, "Baba Kunkuru, riba na ci. Dami uku na ci yau a zaune."

Kunkuru ya ce, "Madalla. Ina suke?"

"Su wa?"

"Dami ukun da ka ci. Na ga uku sun fita, ban ga uku sun shiga ba."

Gizo ya ce, "Kai Baba, tsufa ya hana ka gane lissafin zamani."

Da Ƙoƙi ta fito ta ce, "Maigida, ina randa?"

Ya ce, "Tsagewa ta yi, na kai a liƙe."

Ran Litinin ya sake komawa, wai kallo kawai zai yi. Hankaka ya nuna masa tukunyar lantarki mai dafa tuwo ba itace, ba hayaƙi, ba fifita. Ya ce saura guda ɗaya, kuma Zomo ya ce zai dawo ya ɗauka. Jin sunan Zomo, Gizo ya ruga. Ƙoƙi na wanka, babbar tukunya ta bi randa, dami uku suka bi dami uku.

Kunkuru ya ce, "Yau kuma nawa ka ci?"

"Uku. Shida ke nan."

"Kai, Allah ya sa albarka. Rumbun naka ya kusa fashewa ke nan."

Ƙoƙi ta ce, "Maigida, ina tukunyar tuwo?"

Ya ce, "Na kai a wanke mata baƙin gindi, kada baƙi su raina mu."

Ta dube shi, sai jaririya ta yi kuka, ta koma ɗaki.

Ran Talata Hankaka da kansa ya tare shi a hanya. Ya ce, "Alhaji Gizo, kai da ke da firiji da tukunyar lantarki, a ce har yanzu ana daka a gidanka? Ga injin niƙa. Taɓa nan kawai, gero ya zama gari. An ce akwai wani tsohon turmi a wurinku."

A nan Gizo ya ɗan tsaya. Ya tuna ran da aka kawo Ƙoƙi, uwarta ta ƙi yarda a ɗora turmin a kan jaki, ita ta ɗauko shi a ka tun daga garinsu. Ya ce, "Wannan na gado ne."

Hankaka ya kaɗa jan kati a gabansa ya ce, "Gobe garaɓasa za ta ƙare. Jibi in ka zo, shida za ka biya. Ka yi asarar uku ke nan kana ji kana gani."

Gizo bai son ya ji kalmar asara. Ƙoƙi na shiga wanka, ya gangara da turmi, ya share rumbu tas.

"Iya, ita Ƙoƙin kullum tana wanka?" in ji Ilu, ƙaramin jikan.

Safe da yamma, ɗan nan, har kwana arba'in. Tambayi uwarka. Ka bar ni in ci gaba.

Kunkuru bai yi masa ba'a ba a wannan karon. Ya dubi turmin yana wucewa, ya ce, "Gizo, wannan ba naka ba ne."

Gizo ya ce, "Tara, Baba. Dami tara na ci cikin kwana huɗu. Wa ya taɓa yin haka a garin nan?"

Ran Laraba da hantsi, jajibirin suna, Ƙoƙi ta fito tsakar gida da taɓarya a hannu. Ta ga gurbin turmi a ƙasa, zagaye guda mai santsi. Ta leƙa rumbu, sai ƙaiƙayi. Ta ce, "Maigida, zo."

Gizo ya zo yana murmushi, ya ce, "Na so sai gobe ki gani, amma tunda kin matsa." Ya janyo kayan ɗaya bayan ɗaya, ya yaye zana. "Wannan ya fi randa. Wannan ta fi tukunya. Wannan ya fi turmi. Kuma duka rabin kuɗi!"

Ƙoƙi ta zagaya su, ta shafa. Ta ce, "Suna da kyau. To, kunna."

Gizo ya ɗauki wutsiyar firiji mai haƙora uku. Ya duba gabas, ya duba yamma. Ya soka ta a bango, ƙasa ta zubo, firiji shiru. Ya soka ta a murhu, tunda wuta ake nema, roba ta fara wari, firiji shiru. Sai ya ce, "Af! Waya ce kawai babu. Ni kuwa wa ya fi ni zare?"

Ya fita da gudu ya haye turken lantarki, ya ɗaura zarensa a can ƙoli, ya saƙo shi ta kan katanga, ta kan rumbu, har jikin firiji. Ya kasa kunne. Shiru. Ya ninka zaren biyu. Shiru. Ya ninka uku.

Kunkuru ya leƙo ya ce, "Sauko, Gizo. Turken nan babu komai a cikinsa sai gara."

Nan ne Gizo ya diro daga turken. Ya ruga kasuwa, ya tarar Hankaka na ɗaure kaya a mota. Ya ce, "Na fasa! Karɓi kayanka ka ba ni nawa!"

Hankaka ya zaro jan kati ya juya bayansa. Akwai wani rubutu ƙanana kamar ƙafar tururuwa. Ya ce, "Abin da aka saya da ragi ba a mayarwa. Ga shi nan, ba ka karanta ba?"

"To ba ni turmin kawai."

Hankaka ya nuna saman mota. Ga turmin Ƙoƙi an shafe shi da man kaɗanya yana ƙyalli. Ya ce, "Wannan? Dami goma sha biyu."

Gizo ya ce, "Sha biyu! Tsohon turmi?"

"Ƙirya ce. Shekara sittin yana aiki bai tsage ba. Ba ya son wuta, ba ya son mai gyara. Duk garin da na shiga za a yi rububinsa."

"To ina ragi? Ina jan kati?"

Hankaka ya ce, "Alhaji, ina yin ragi ne a kan abin da nake son rabuwa da shi. Kayan nan shekara biyu ina yawo da su, sai a garinku na samu wanda bai tambaye ni ina wuta ba." Ya tada mota ya yi gaba.

Gizo ya dawo yana jan ƙafafunsa takwas. Rana ta yi tsaka, unguwa tsit. Mata suna gidajensu da taɓare a jingine, suna jiran muryar turmin da ba za ta zo ba. Wasu har sun fara cewa ko jaririyar ce ba lafiya.

Ƙoƙi ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi yi wa Gizo ciwo. Ta ce, "Kwantar mini da farin akwatin nan."

Ya kwantar da firiji a gurbin turmi. Ta ɗaga taɓarya ta sauke. Ƙwangaram! Ta sake. Ƙwangaram! Ta shiga lugude a kansa, irin kiɗan da uwarta ta koya mata, sai dai muryar kamar ana jifan kwanon rufi.

Matan unguwa suka fito a guje, wata ba mayafi, wata da ludayi a hannu. Suka cika tsakar gida. Suka ga firiji ya lotsa, suka ga rumbu a buɗe, suka ga zare ya bi ta ko'ina, suka ga Gizo a raɓe. Tsohuwa Bushiya, ungozomar unguwa, ta ce, "Me kuke kallo? Jaririya ce ta yi cinikin? Kowa ta koma gida ta dawo da abin da take da shi."

Wannan ta mirgino turmi, waccan ta kawo randa, wata tukunya, kowace da mudun gero a ka. Kafin la'asar lugude ya tashi.

Ran Alhamis aka raɗa suna, aka ci aka sha, duk da kayan aro. Da aka zo rabon goro a ƙofar gida, Kunkuru ya ce, "A zaɓa wa Gizo babba. Mutumin da ya ci ribar dami tara ai ba a ba shi ƙarami." Maza suka bushe da dariya. Gizo ya sulale ya shige ɗaki, ya haye can lungun rufi ya maƙale.

Da jama'a suka watse, kowace ta ɗauki kayanta, tsakar gida ta koma fayau. Ƙoƙi ta shigo ta ɗauki jaririya, ba ta san yana sama ba. Ta ce mata a hankali, "Kakata ta ba uwata, uwata ta ba ni. Ke kuma ran da za a kai ki ɗakinki, ban san me zan ɗauko miki a ka ba."

Gizo ya ji. Bai sauko ba. Tun daga ranar yake saƙa zare daga wannan lungu zuwa wancan, yana ja yana ɗaurawa, ko Allah zai sa wuta ta biyo, kayan su tashi, ya samu bakin cewa bai yi wauta ba.

"Iya, wutar ta zo?" in ji Kuluwa, babbar jikar.

Ta zo wasu garuruwan, 'yar nan. Gobe ki leƙa bayan firijin babanku, za ki gan shi can da zarensa, har yanzu yana gwadawa. Turmin kuwa bai dawo ba.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, in kun ji ana shelar ragi, kada ku fara tambayar nawa aka rage. Ku fara tambayar kanku, da ma ina neman abin nan? Zai yi aiki a gidanmu? Me zai fita daga ɗaki kafin ya shigo? Sayen abin da ake buƙata da sauƙi dabara ce. Amma ribar da aka ce ka ci, in ka leƙa rumbu ba ka gan ta ba, wani ne ya ci, ba kai ba.

Kungurus kan kusu. Kusun ma kyauta na ba ku, ba sai kun kawo jan kati ba.