Kofin da Rodica Ta Ƙi Sha

Akwai wani dattijo mai suna Tudose a wani ƙauyen ƙasar Moldova. Kowa ya san giyar inabinsa ta fi ta kowa, shi ma ya sani, shi ya sa kansa ya kumbura. A gidansa ba a mayar da kofi da saura.

Ranar da aka gama tsinkar inabi, dangi suka taru a tsakar gida, ga tuwon masara da cuku, ga gasasshen nama. Tudose ya cika kofi ya miƙa wa Rodica, matar ɗansa.

Ta ce, "Baba, yau a yi min uzuri."

Tsoho ya haɗe rai.

"Giyar tawa ce ba ta yi miki ba?"

Rodica ta sunkuyar da kai. "Juna biyu gare ni, Baba, wata uku. Ungozoma ta ce ko kurɓa kar in yi. Duk abin da na sha, jaririn ma ya sha."

Nan take gida ya kaure da murna. Tudose ya yi dariya har da hawaye, amma ya sake tura mata kofin.

"Ai yanzu ne ma za ki sha, 'yata! Jar giya jini take ƙarawa. Mahaifiyarmu kullum sai ta sha da cikin Gavril."

Matarsa Profira ta ajiye cokali. "To, tsoho, dubi Gavril ɗin mana."

Gavril ƙaninsa ne, mutum mai kirki. Ya haura hamsin, amma bai taɓa iya karatu ba, ko kasuwa ba a barinsa ya je shi kaɗai. Yana gefe yana watsa wa kaji tsaba.

Profira ta ce, "Likita ya faɗa maka dalili tuntuni, ka toshe kunne."

Tudose ya daɗe yana kallon ƙaninsa, tausayi da kunya suka kama shi. Ya tashi ya matse sabon inabi da hannunsa, ya kawo wa Rodica ruwan. Shi da kullum ke cewa haɗa kofi da kofi don murna ba da giya ba kan jawo tsiya, sai ga shi ya juye giyarsa a tulu, ya cika kofinsa da ruwan inabin.

Profira ta ce, "Af, kai ma cikin ne da kai?"

Ya shafa tumbinsa. "Nawa ai ya wuce wata tara!"

Aka fashe da dariya, aka haɗa kofuna.

Bayan wata shida Rodica ta haifi 'ya mace, lafiyayya. Da aka kawo ta gida, Tudose ya ɗora ta a hannun Gavril, ya tallafe su biyun, ya ce, "Ɗan'uwa, kai ne ka tsare mana ita."

Darasi: Giya a lokacin goyon ciki, komai ƙanƙantarta, tana iya cutar da ƙwaƙwalwar jariri har ƙarshen rayuwarsa. Riga-kafi ya fi magani. Ku tura wa wasu, wataƙila wani jariri ya tsira ta dalilinku.